Gwara ƙaho a farautar barewar Amurka: tambayoyin da 'yan'uwa ke ta yi min

Tun ranar da wani abokina ya buɗe but ɗin motata zai saka buhun shinkafa ya ga ƙahoni biyu ɗaure da igiya, ya juyo ya ce "Malam, ashe wanzanci ka koma a ƙasar Turawa ba mu da labari?", to tun daga ranar ban huta da tambaya ba. Ni a jihar Ohayo nake zaune, wajen wani dattijon Bature maƙwabcina na koyi abin nan, kuma abin da zan faɗa wani na gani da idona ne, wani kuma yatsuna ne suka sha shi.

Wai mene ne ma gwara ƙahon nan?

Yaudara ce kawai. Barewar da ake farauta a nan ita ce wadda suke kira mai farar wutsiya, in lokacin barbara ya yi mazan sai su yi ta faɗa a kan mata, su haɗa kai ƙaho ya sarƙe da ƙaho suna ture-ture, ƙarar kuwa in iska ta kwanta daga nesa ake jin ta. To shi maharbi sai ya riƙe ƙaho ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya ɓuya, ya dinga gwara su yana murzawa kamar maza biyu ne suka kacame. Duk ƙaton da ke kusa ya ji sai ya taho, ko dai ya ga wa ya shigo masa gida, ko kuma ya sace macen da ake faɗan dominta tunda masu faɗa sun shagala. Kamar dai a unguwa ne in aka ce ana dambe a bayan kasuwa, mai shayi ma barin tebur yake. Mutanen kudancin Teksas su suka fi shahara da dabarar, daga can ta bazu har arewacin Amurka da Kanada.

Yallaɓai, ba zan iya yi da ƙahon rago ko na sa ba? Bayan layya ga su nan birjik.

Ba zai yi ba, kuma dalilin shi ne tushen duk maganar da za mu yi a gaba. Ƙahon sa da na rago da na akuya, har da na barewarmu ta gida da gada da gwanki, kube ne da ya rufe ƙashi, irin sinadarin farce, shi ya sa in an zare shi za ka gan shi da rami a ciki har a busa shi ko wanzami ya yi aiki da shi, kuma dabba tana tare da shi har mutuwa. Na barewar nan kuwa ƙashi ne tsantsa, cikinsa a cike, yana da rassa kamar itace, kuma duk shekara faɗuwa yake. Wajen Janairu zuwa Maris zai cire da kansa ya faɗi ƙasa, da bazara sabo ya tsiro lulluɓe da wata fata mai laushi kamar karammiski mai ɗauke da jini, ƙarshen Agusta zuwa Satumba fatar ta bushe namijin ya goge ta a jikin itatuwa, shi ke nan ƙashi ya fito fes ya shirya faɗa. Ƙahon rago in ka gwara "ƙum-ƙum" yake yi kamar an doki ƙwarya, wannan kuwa "ƙwas-ƙwas" yake mai kauri, kuma rassan ne ke kawo wannan kacaniyar ta sarƙewa. Ba su haɗa hanya ba ko kaɗan.

To a ina ake samun sa?

Ko dai daga kan wanda ka harba, ko ka shiga daji wajen Fabrairu da Maris ka tsinci wanda ya faɗi, ko ka roƙi wani maharbi don wallahi akwai waɗanda garejinsu cike yake da su matansu na neman kai da su. Na kan wanda aka harba ya fi, don sabo ne da danshinsa. Na tsintuwa kuma sai ka duba, in launin ƙasa-ƙasa ne da nauyi to na bana ne, in kuwa ya yi fari fat kamar alli, ya yi tsage-tsage, ka ɗaga ka ji shi sakayau, to ya shekara a rana da ruwa, bar wa kuregu kayansu.

Sai dai a kula da doka fa, nan ba dajin garinmu ba ne da za ka tsinci abu ka ce rabonka ne. A manyan gandun dajin gwamnatin tarayya da suke kira "national park" an hana ɗaukar ƙaho gaba ɗaya, wasu jihohin yamma irin su Wayomin da Kolarado kuma suna rufe tsintuwar a wasu yankuna daga Janairu har ƙarshen Afrilu don kada a wahalar da dabbobi da kora lokacin da sanyi ya riga ya rama su. Gonar mutum kuwa sai da izininsa. Akwai kuma wata cuta mai cin ƙwaƙwalwar barewa da aka fara ganowa a Kolarado a 1967, ta iso cikin barewar dajin Ohayo a ƙarshen 2020, saboda ita jihohi da yawa sun hana tsallake iyaka da kai mai ƙwaƙwalwa a ciki, sai ƙaho tsura ko da ɗan ƙashin kai da aka wanke tas.

Babba zan nema ko ƙarami? Na ji wai gara a haɗa na hagu biyu.

Matsakaici. Mai yatsu huɗu a kowane gefe, wanda in ka riƙe gindinsa zai cika maka tafi, shi ne daidai. Sirara na ɗan shekara ɗaya ƙararsu kamar ana wanke cokula, ba ta zuwa ko'ina, manya-manya kuma ga nauyi ga cika jaka, sannan wasu na cewa suna tsorata matasan maza su ƙi zuwa. Kaurin gindi ya fi tsawon yatsu muhimmanci, don kauri shi ne murya.

Maganar hagu biyu ko dama biyu gaskiya ce, akwai masu son haka saboda suna kwantawa cikin juna wajen ɗauka kamar an jera cokali kan cokali, kuma tsinin baya fuskantar hannunka sosai. Ni dai hagu da dama na kai ɗaya nake amfani da su, hannuna ya saba. Wannan gardama ce irin ta tuwon shinkafa da na masara, kowa da nasa.

Yaya ake haɗa shi tun daga farko?

Kayan aiki ba su da yawa: zarto na yankan ƙarfe, magagari, samfefa, injin huda, igiya mai ƙarfi, safar hannu da takunkumi. In a kan ƙashin kai yake, sai ka yanke shi daf da gindi, ƙasan wannan zoben mai ƙuraje, kada ka yanke zoben don shi ke tare hannunka kada ya suɓuce, kuma shi ake bugawa a ƙasa.

Abu na farko da za ka cire shi ne ɗan yatsan nan na ƙasa da ke fitowa kusa da goshi. Na san yana da kyau, na san za ka ji kamar kana ɓata abu, amma cire shi, daidai inda babban yatsanka zai zauna yake kuma shi ne zai fara cin ka. Ka yanke shi har ƙasa ka bi da magagari sai wurin ya yi sumul. Daga nan sauran yatsun kowanne ka rage tsininsa kamar rabin inci ka dakushe bakin ya zama kamar kan yatsan mutum, ba zai rage ƙara ba ko kaɗan. Sai mariƙi, wurin yana da ƙurzunu-ƙurzunu masu kaifi, ka goge su da samfefa daidai inda tafi zai kama, kada ka bi duk jikin ƙahon kana gogewa wai ya yi sheƙi, wannan kaushin na sama shi ke ba da ƙarar gurzawa in kana murza su.

Sannan huda. Ka matse ƙahon ya zauna daram, ka huda gindinsa da bakin kwatar inci, kamar inci ɗaya sama da zoben, a hankali, kana ɗagawa kana hurawa don in ya yi zafi ƙonewa yake. Gargaɗi: a waje za ka yi wannan aikin. Ni a kicin na fara nawa ranar wata Asabar da sanyi ya hana fita, warin da ya tashi kamar ana babbakar kan rago an haɗa da ƙona gashi, uwargida ta fito ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ce uffan ba, ta nuna min hanyar gareji da ludayi, kwana biyu labule na wari. Ƙurar kuma ba ta shaƙa ba ce, sa takunkumi.

Igiya kamar santimita 60 zuwa 70 ta isa, ka zura ta ramukan biyu ka ƙulla, yadda za ka iya buɗe hannu sosai ba ta riƙe ka ba, kuma ka iya rataye su a reshe. Wasu na sa tsirkiyar fata don ba ta ƙara, amma in ta jiƙe ta bushe tsinkewa take, ni igiyar laimar sojoji da ake sayarwa ko'ina nake sawa.

Na bar yatsan goshin nan, me zai faru?

Abin da ya faru da ni. Shekarata ta farko na ƙi jin maganar dattijon nan, na ce ai zan kula. Da asubar wata rana a farkon Nuwamba, sanyi ya kai yatsu ba sa jin kansu, na ɗaga na gwara da ƙarfina, tsinin ya sauka daidai kan farcen babban yatsana na hagu. Ban iya ko ihu ba don kada in kori abin da na zo nema, haka na zauna a kan bishiya hawaye na zuba ina salati a zuci, farcen ya yi baƙi daga baya ya fita ɗungurungum, sai da aka yi wata da watanni kafin sabo ya cika. Da na nuna wa dattijon dariya kawai ya yi ya miƙo min zarto. Ko ka cire ma ka sa safar hannu ta fata.

Nawa bara yana ƙara da kyau, bana sai ya koma kamar busasshen kara. Ya mutu ne?

Ƙishirwa ce. Ka tuna ƙashi ne, kuma a kan dabba mai rai da ɗan danshinsa da maiƙonsa, in ya shekara a ɗaki musamman gidajen nan da ake kunna hita wata biyar, sai ya bushe ƙayau, muryar ta tashi sama ta zama siririya. Abu biyu ake yi.

Na farko ruwa. Kwana biyu kafin ka fara fita ka nutsa su a bokiti su kwana ɗaya ko biyu, ka fitar ka goge su sha iska a inuwa, za ka ji nauyinsu ya ƙaru muryar ta sauko. Ba ya daɗewa, bayan sati biyu ko uku sai ka sake. Ruwan sanyi zalla fa, ban da ruwan zafi, ban da omo, ban da bilic, bilic kam cin ƙashi yake ya mai da shi alli, na ga wanda ya yi wai don ya yi fari, ƙahon ya dinga gari a hannu.

Na biyu mai. Wanda aka fi amfani da shi shi ne man linsid, wannan da kafintoci ke shafa wa katako da ƙotar gatari. Ka ɗiga kaɗan a tsumma ka murza ko'ina har cikin ramin igiyar da wuraren da ka yanke don ta nan danshi ya fi fita, ka bari kamar rabin awa, ka goge ragowar tas, in ka bar shi da yawa danƙo yake yi ƙura ta manne. Sau ɗaya a shekara ya isa, kuma ni bayan an rufe farauta nake yi ko tsakiyar bazara, ba ana gobe fita ba. Wanda ya sha mai ba ya shan ruwa sosai, don haka ka zaɓi hanya ɗaya ka tsaya a kanta, ni sababbi mai nake shafa musu tun suna da rai, tsofaffin da suka riga suka bushe su nake jiƙawa. Abin da kada ka yi shi ne banish ko fenti mai kauri a kan yatsun, zai yi kyau a bango amma ƙarar ta koma ta roba.

Tsumman man linsid ɗin nan kuma kada ka dunƙule shi ka jefa a kwandon shara, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa, ba tatsuniya ba ce, gareji da yawa sun ƙone a haka. Shanya shi a waje a buɗe ko ka jiƙa shi da ruwa.

Man gyaɗa ko man shanu fa? Su muke da su a gida.

Haba ɗan'uwa. Ɓaci za su yi su yi wari, kuma ka gayyaci ɓeraye walima. Hancin barewa ba na wasa ba ne, shi ya sa ma na ce a shafa na linsid ɗin watanni kafin lokaci don warinsa ya fita.

A ina zan ajiye su?

Rataye, a wuri mai sanyi marar rana, nesa da hita. Kada su kwana wata da watanni a mota. Babban abokin gaba kuwa haƙori ne, ɓera da kurege da beguwa duk suna gwaguyar ƙaho saboda sinadaran ƙashi da ke ciki da kuma wasa haƙora, shi ya sa ma ba ka ganin su tule a daji duk da kowace shekara suna zuba. In ka bar su a ƙasan rumfa, kafin kaka ka tarar an cinye yatsu. Karen maƙwabci ma in ya samu ya samu nama. In ɗan tsagewa ya fito a jiki, ɗiga gam mai ƙarfi a ciki ka ɗaure ya kwana, in kuwa ya ratsa gindi to ya gama aiki, ka yi ƙotar wuƙa da shi.

Yaushe ake gwarawa, kuma da ƙarfi ko a hankali?

A nan wajenmu daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, lokacin kuma farautar baka ce a Ohayo don ta bindiga sai Litinin ɗin bayan bikin godiyarsu na ƙarshen Nuwamba ake buɗewa, a kudancin Teksas kuwa barbarar sai Disamba. Akwai wani masanin namun daji, Mickey Hellickson, da ya gwada abin nan a gandun Welder na Teksas cikin shekarun 1990, mutum ɗaya na gwarawa a ƙasa wani na kallo daga sama, zama 171 suka yi maza 111 suka amsa. Abin da ya fito shi ne safiya ta fi yamma, gwarawa da ƙarfi ta fi ta lallaɓa jawo su nesa ba kusa ba, kuma da yawa na sama ne ya gan su, na ƙasa bai ma san sun zo ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi tsaya min a rai, don sau nawa mutum zai tashi yana cewa abin banza ne alhali ƙato ya zo ya shinshine shi ya juya.

Domin ba kai tsaye yake zuwa ba, zagayawa yake ta inda iska ke kai warinka. Don haka kafin ka taɓa ƙaho ka san ina iska ta nufa, ka zauna inda kake ganin wannan ɓangaren. Ni yadda nake yi, in haɗa su da ƙarfi sau ɗaya, sannan in yi ta murzawa da turawa kamar minti ɗaya, don faɗan gaske ture ya fi yawa ba sara ba, in ina ƙasa in haɗa da karya ƙirare da shurin ganye da buga gindin ƙahon a ƙasa, sai in raba su da sauri in rataye in ɗauki baka. Sai shiru, minti 20 ko rabin awa. Kuskuren sabon shiga shi ne ya yi ta kaɗawa kamar mai kalangu a gidan biki, dabbar ta ɓullo ta same shi da ƙaho a hannu makami a ƙasa.

A sani kuma inda mata suka yi wa maza yawa sosai ba ya ci kamar a manyan gonakin Teksas, wanda mata suka ishe shi me zai kai shi kallon faɗa.

Ba hatsari? Kada wani ya ɗauka barewa ce ya sakar min wuta.

Akwai, kuma ba abin dariya ba ne, kana ƙarar barewa kana riƙe da kan barewa. In kana tafiya a cikin jaka za su zauna, ba a wuya ko a kafaɗa ba. Ka naɗa wa gindinsu salatif ruwan lemo mai haske, barewa ba ta ganin launin yadda mutum ke gani. Lokacin bindiga dole ne ma ka sa riga mai wannan launin a Ohayo, ni kuwa a dajin gwamnati in an buɗe bindiga ko fito da su ba na yi. In za ka hau bishiya kuma da igiya za ka jawo su bayan ka zauna ka ɗaure kanka, faɗowa kan yatsun ƙaho ba daɗi.

Na roba da ake sayarwa a kanti fa?

Suna aiki, ba sa bushewa, ɓera ba ya ci. Akwai kuma wata 'yar jaka cike da sanduna da ake murzawa a tafi, tana da sauƙin ɗauka amma in ana iska ba ta kai nesa. Ni kunnena ya fi yarda da ƙashi.

Malam, ya maganar tsarki? Abin da ya faɗo daga jikin dabba mai rai ne fa.

Tambaya mai kyau, kuma Bature ba zai taɓa yi maka ita ba. A Malikiyya da muka tashi a kai, ƙahon mushe da wanda ya rabu da dabba tana raye ba a ɗauke shi mai tsarki ba, Hanafiyya kuwa suna ganin ƙaho da ƙashi tsarkakakku ne. Ni don in huta, na kan wanda na harba da bisimilla na yanka shi nake amfani da shi, na tsintuwa in ba maƙwabta. Sauran bayani ka zauna da malaminka.

In na kawo shi gida, zai yi a dajinmu?

Kada ka wahalar da akwatinka. Duk Afirka ta Yamma babu dabba mai irin wannan ƙahon, a nahiyar ma gaba ɗaya sai can tsaunukan arewa wajen Tunisiya da Aljeriya ake samun danginta, gada ko mazo in suka ji wannan kacaniyar ba su san yaren ba, gudu za su yi. Mu tamu yaudarar ta ido ce. Na taɓa zama ina kwatanta wa dattijon nan burtu, yadda maharbinmu ke ɗaura kan tsuntsun a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya durƙusa yana tafe yana sunkuyar da kai kamar mai kiwo har ya isa kusa da nama, na ma sauka ƙasa a garejinsa na gwada masa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in na je gida in taho masa da guda ɗaya shi kuma zai ba ni ƙahonin mahaifinsa da ke rataye tun kafin a haife ni. Na duba su, sun bushe sun yi fari, ko ruwan sati ba zai tashe su ba, amma na ce masa to.